Emily Kame Kngwarreye: baiwa ce, ko dillalai ne suka ɗaga ta?

Wata ɗaliba mai karatun zane-zane ta aiko da tambaya a kan Emily Kame Kngwarreye, tsohuwar nan 'yar asalin ƙasar Ostareliya. Ta ce ta karanta cewa matar ba ta taɓa zama a aji ba, ba ta kuma kama burushi ba sai da ta doshi shekara 80, amma cikin shekara 8 kacal ta zama macen da zanenta ya fi tsada a ƙasar. Tana son ta san ko baiwa ce ta gaske, ko kuwa dillalan Turawa ne suka sami tsohuwar ƙauye suka yi ta kururuta ta don su ci kasuwa. Ta kuma tambayi abin da matar ta bari a bayanta.

'Yar'uwa, zarginki yana da tushe, zan kuma zo kansa. Amma sai mun fara gyara maganar da ta haifar da shi, wato cewa ta fara zane tana da shekara 78 ko 79. Ba a lokacin ta fara ba. Abin da ya faru a lokacin shi ne an miƙa mata yadin kanbas da fentin roba, ta ɗora a kansu abin da ta shekara aru-aru tana zanawa a kan fatar mutane da kuma a kan rairayi. Idan kika riƙe wannan, sauran labarin zai zauna miki daram.

An haife ta wajen 1910 a Alhalkere, wani yanki na hamadar tsakiyar Ostareliya, kimanin kilomita 230 arewa maso gabas da garin Alice Springs. Yarenta Anmatyerre, shi ne kuma bakin da ta yi ta magana da shi har ta koma. Tana yarinya Turawa makiyaya suka shigo yankin da shanunsu, suka kewaye rijiyoyi da wuraren kiwo, suka raɗa wa wurin suna Utopia. Masu ƙasa suka koma 'yan ƙwadago a ƙasarsu, ana biyansu da gari da shayi da sukari. Zamani ne mai tsanani: a 1928 aka yi kisan Coniston a yammacin yankinsu, inda 'yan sanda da makiyaya suka hallaka mutane da dama daga ƙabilun Warlpiri da Anmatyerre da Kaytetye. Ita Emily ta yi kiwon shanu da tumaki, ta ja raƙuma masu dakon kaya, aikin da yawanci maza ke yi. Waɗanda suka san ta da tsufanta duk sun yi maganar ƙarfin hannunta da damtsenta, kuma wanda ya tsaya gaban manyan zanukanta zai ga shaidar hakan.

A duk tsawon shekarun nan akwai wata makaranta da take ciki wadda Bature bai san da ita ba. Matan Anmatyerre suna da bikinsu na gargajiya da suke kira awelye. Kafin a fita rawa, mata na zama a ƙasa, a shafa wa wadda za ta yi rawa kitse a ƙirji da kafaɗu da damatsa, sannan a kwaɓa jar ƙasa da fara da rawaya a ja mata layi-layi da yatsa ko da ɗan tsinke. Ana jan layin ana rera waƙarsa. Kowane zane yana da mai shi, yana da wurin da ya fito, yana da tsiro ko dabbar da yake wakilta, kuma ba kowa ke da izinin zana na wani ba. A imaninsu, kakannin farko ne suka ratsa ƙasa suka fitar da duwatsu da ƙoramu da tsirrai, suka bar wa kowane gida amanar yankinsa, kuma waƙa da rawa da zane su ne hanyar riƙe amanar. Wannan tsari suke kira Altyerre. Emily ta girma har ta zama ɗaya daga cikin manyan mata masu jan ragamar awelye na Alhalkere. Ke nan wadda aka ce miki ba ta yi makaranta ba, malama ce a fanninta tun kafin a haifi dillalan da suka zo daga baya.

Tsiron da ya fi zama nata shi ne wata 'yar doyar daji siririya, kaurinta bai wuce na fensir ba, suna ce mata anwerlarr. A ilimin tsirrai dangin wake ce, tana yaɗo a ƙasa, tana fid da fure rawaya. Idan ruwa ya ɗauke ganyen ya bushe, babu abin da ake gani a sama sai ƙasa da ta tsattsage inda saiwar ta kumbura, kuma wannan tsagar mata ke bi da sandar haƙa. Sunanta na gida, Kame, sunan irin wannan tsiro ne. Ki riƙe hoton nan na saiwa a ƙarƙashi da tsaga a sama, don shi ne mabuɗin rabin aikinta.

Matakin tsakiya shi ne rini. A 1977 aka fara koya wa matan Utopia batik, wato rinin kaki, inda ake narka kaki a zana shi a kan yadi, a tsoma a baba, a sake zanawa, a sake tsomawa, daga ƙarshe a tafasa yadin kakin ya fita. Asalin sana'ar daga Indunusiya take, can ne ma tushen atamfar da muke ɗaurawa. Emily na cikin matan farko da suka kafa ƙungiyar masu batik ta Utopia, ta kuma yi sama da shekara 10 tana wannan aiki a kan siliki da auduga. Lokacin ya zo daidai da fafutukar ƙasa. Dokar mallakar ƙasa ta 1976 ta ba 'yan asalin Yankin Arewa na Ostareliya, inda Utopia take, damar neman a mayar musu da ƙasar kakanninsu, matan Utopia kuwa suka gabatar da waƙoƙinsu da rawarsu da zanen jikinsu a matsayin hujjar cewa ƙasar tasu ce. Suka yi nasara, aka mayar musu da Utopia a ƙarshen shekarun 1970. Wannan batu yana da nauyi a wurina, don yana nuna cewa layukan nan da wasu ke ɗauka ado ne kawai, hukuma ta saurare su a matsayin shaidar mallaka.

A ƙarshen 1988 zuwa farkon 1989 ne wani mai suna Rodney Gooch, wanda ke aiki da ƙungiyar yaɗa labarai ta 'yan asalin tsakiyar Ostareliya, CAAMA, ya kai wa matan Utopia kusan 80 kanbas da fenti ya ce su gwada. Kafin lokacin, zanen hamada na zamani galibi harkar maza ce. Ya samo asali a ƙauyen Papunya a 1971, lokacin da malamin makaranta Geoffrey Bardon ya ƙarfafa wa dattawa gwiwa su zana labaransu a kan allo, kuma shekara da shekaru sunayen maza ake ji. A cikin zanukan da matan suka dawo da su, na Emily ya fita daban. Sunansa Emu Woman, wato macen emu, tsuntsun nan nasu mai kama da jimina. Idan kika matsa kusa da shi za ki ga layukan zanen ƙirji a ƙasa, irin na awelye, sannan ɗigo-ɗigo na fari da rawaya da ja sun bi kan layukan, wasu sun hau su, wasu sun kauce, har layin ya riƙa ɓacewa yana sake bayyana. Ɗigon nata ba jere yake tsaf kamar na mazan Papunya ba, yana da sauri, kin ga hannun da ba ya shakka. Shi aka sa a bangon littafin baje kolin da aka yi a Sidni a 1989. Shekara ɗaya bayan nan, a 1990, ta yi baje kolinta na farko ita kaɗai a birnin. Ita da kanta ta bayyana dalilin barin batik: wahalar hura wuta da tafasa yadi ta yi mata yawa, idonta kuma ya fara rauni, fenti ya fi mata sauƙi.

Daga nan zuwa rasuwarta an ƙiyasta ta yi zane kusan 3,000, wato kusan ɗaya a kowace rana. Ba ta aiki a tsaye gaban katako irin na ɗakin koyon zane. A ƙasa ake shimfiɗa mata kanbas, sau da yawa an riga an shafe shi da baƙi, ta zauna a gefe ko ta hau kansa ta harɗe ƙafa, gwangwanayen fenti a kusa da ita, karnuka na kai da kawo. Iyakar inda hannunta ya kai nan take cikewa, sannan ta ja jiki ta matsa gaba. Ba ta fara zayyana da fensir, ba ta ja da baya ta ƙare wa aikin kallo, kuma galibi ba ta damu da ina ne sama ina ne ƙasa ba, don ƙasa ake kallo daga bisa. Wani lokaci tana zanen tana rera waƙar abin da take zanawa.

Hujjata mafi ƙarfi a kan cewa ba dillalai ne suka ƙera ta ba ita ce yawan sauya salonta. Ɗan kasuwa idan ya sami abin da ke tafiya, so yake a yi ta maimaita masa shi. Ita kuwa da zarar masu saye sun saba da salo, sai ta bar shi. Daga 1989 zuwa 1991 ƙananan ɗigo ne, bisa kan bisa, har su rufe layukan ƙasa ruf. Wajen 1992 ta koma babban burushi, tana dangwala shi a launi biyu ko uku lokaci guda ta danna a kan yadin, kowane dangwale ya fito kamar fure. A wannan zango ta yi Alhalkere Suite a 1993, falle 22 da ke gidan adana zane-zane na ƙasa a Kanbera, da kuma Earth's Creation a 1994, falle huɗu masu tsawon sama da mita 6, cike da kore da shuɗi da rawaya, wato hamada bayan ruwa ya sauka. Ana cikin yabon launukan nan, sai ta watsar da su gaba ɗaya ta koma layi tsura, baƙi a kan fari ko fari a kan baƙi, irin layukan da ake ja wa mace a ƙirji.

A 1995 ta yi aikin da ni a ganina ya fi duka, Big Yam Dreaming, wanda ke gidan zane-zane na jihar Biktoriya a Malbon. Tsawonsa mita 8, faɗinsa kusan mita 3, launi ɗaya tak, fari a kan baƙi, kuma cikin kwana biyu ta gama shi tana da shekara 80 da ɗoriya. Daga nesa kamar raga ce da ta cukurkuɗe. Da kin matso sai ki ga kowane layi yana da mafari da inda ya nufa: ya taho da kauri inda burushi ke cike da fenti, ya siranta ya yi ƙasa-ƙasa inda fentin ya ƙare, ta sake tsomawa ta ɗora daga daidai wurin. Kina iya gane inda ta zauna, don layukan suna lanƙwasa gwargwadon tsawon hannunta. Babu kusurwar da ta yi nauyi ta bar wata fayau, alhali mai zanen ba ta taɓa ganin aikin a rataye daga nesa ba sa'ad da take yin sa. Saiwar doya ce a ƙarƙashin ƙasa, tsagar ƙasa ce a sama, kuma hanyoyin da kakanni suka bi ne. Mai neman ya san ko matar ta iya, wannan zane kaɗai ya ishe shi amsa. Makonni biyu kafin rasuwarta a watan Satumba na 1996 ta sake juyawa: ƙananan zanuka 24 cikin kwana uku, da faffaɗan burushi, babu ɗigo babu layi, sai shafe-shafen launi, wasu kusan fari fat.

To, ina gaskiyar zarginki take? Tana wurare biyu.

Na farko shi ne yadda aka yi ta bayyana ta. Masu sharhi na birane da suka ga aikinta sai suka shiga kwatanta ta da Monet na Faransa da Jackson Pollock na Amurka, suna mamakin yadda tsohuwar da ba ta san tarihin zanen Turai ba ta iso inda waɗannan suka iso. Suna ganin yabo suke yi, amma yabon ya tauye ta, don ya mai da ita wadda ta yi tuntuɓe da abin wasu. Kamar mutumin da bai iya karatu ba ne aka nuna masa shafin ajami mai kyan rubutu, ya ce kai, wannan ado ya yi kyau. Bai yi ƙarya ba, amma ga mai karatu akwai magana a shafin. Zanen Pollock ba ya nuna wani wuri a duniya. Na Emily kuwa yana nuna Alhalkere, kuma matan gidansu suna iya tsayawa gabansa su rera waƙarsa. Da aka tambaye ta me take zanawa, amsar da ta bayar ta shahara: ta lissafo awelye, da doyar daji, da wani ƙadangare mai ƙaya, da irin ciyawa, da emu da abincin da yake so, da waken daji, da irin doya, ta ce duka gaba ɗaya take zanawa. Ban ce kada a ji daɗin aikinta da ido kawai ba, ni ma ta nan na fara shiga. Abin da nake ƙi shi ne a tsaya a nan, a ce an gama fahimta.

Na biyu shi ne kuɗi, kuma nan abin yana da ɗaci. Da sunanta ya fito, motocin dillalai suka yi ta sintiri a Utopia. Akwai waɗanda suka yi hulɗa da ita shekara da shekaru bisa tsari, suna rubuta kowane zane da ranar da aka yi shi. Akwai kuma 'yan ci-da-ceto da ke zuwa da kanbas da kuɗi a hannu, su karɓi aiki da arha su kai birni su ninka. Ita kuma ba ta haihu ba, amma dangi masu yawa sun rataya a wuyanta, kuma a al'adarsu abin da mutum ya samu na kowa ne. Kuɗi na shigowa yana fita, a sayi mota a ba wannan, a sayi abinci a ba wancan, ita kuwa ta ci gaba da kwana a sansani irin na mutanenta, ba ta tara komai ba. A 1992 Firayim Minista Paul Keating ya miƙa mata babbar kyautar gwamnati ta masu fasaha, amma matsin bai ragu ba. Sakamakon haka, ba duka zanuka 3,000 ɗin nan ne na ƙwarai ba. Akwai waɗanda aka yi cikin gaggawa don a sallami mai jira, kuma bayan rasuwarta maganar jabu ta dami kasuwar. Duk wanda ya ce miki kowane abu mai ɗauke da sunanta gwaninta ne, talla yake yi. A auna ta da manyan ayyukanta, kamar yadda ake auna kowane mai zane.

Ki duba lissafin nan kuma. Earth's Creation an sayar da shi a gwanjo a 2007 kan dalar Ostareliya 1,056,000, a 2017 kuma ya kai miliyan 2.1, farashin da babu wata mace mai zane a ƙasar da ta taɓa kaiwa a lokacin. Duk wannan bayan ta rasu ne. Irin wannan giɓi tsakanin abin da mai zane ya karɓa da abin da masu sayarwa suka samu yana cikin dalilan da suka sa majalisar dattawan ƙasar ta yi bincike a kan kasuwar zanen 'yan asali a 2007, aka fito da ƙa'idar ciniki ga dillalai, sannan daga 2010 doka ta fara aiki wadda ke ba mai zane ko magadansa kashi 5 cikin 100 idan aka sake sayar da aikinsa. Dokar ba ta magance komai da komai ba, amma ta fi babu.

Game da abin da ta bari, abu mafi girma shi ne ta sauya wurin da ake ajiye irin wannan aiki. Da can zanen 'yan asali a gidan tarihi ake kai shi, kusa da masu da garkuwa, a matsayin kayan al'adar wata ƙabila. Bayan Emily ya zama dole a rataye shi a zauren zanen zamani da sunan mai shi. A 1997, shekara guda da rasuwarta, ita da Yvonne Koolmatrie da Judy Watson suka wakilci Ostareliya a babban baje kolin zane-zane na birnin Venis a Italiya, mata uku 'yan asali. A 1998 aka yi baje kolin tarihin aikinta a Birisben, a 2008 aka kai shi Osaka da Tokyo inda Japanawa suka yi tururuwa. A 2015 Okwui Enwezor, ɗan Nijeriya na farko kuma ɗan Afirka na farko da ya jagoranci baje kolin Venis, ya zaɓi Earth's Creation ya sa a babban zauren. A 2018 kamfanin jiragen sama na Qantas ya lulluɓe wani jirginsa da zanen da aka ɗauko daga aikinta na doya na 1991, ya sa wa jirgin sunanta. A ƙarshen 2023 Kanbera ta sake shirya mata gagarumin baje koli wanda mata biyu 'yan asali, Kelli Cole da Hetti Perkins, suka tsara tare da shawarar danginta, a 2025 kuma gidan zane-zane na Tate Modern a Landan ya buɗe nasa. A waɗannan na baya-bayan nan za ki ga an rubuta sunan Emily Kam Kngwarray, bisa sabon tsarin rubuta yarensu, don haka ki nemi duka biyun idan kina bincike.

Sai kuma matan da suka biyo sawunta. Gloria Petyarre, 'yarta a dangi kuma abokiyar aikinta tun zamanin batik, ta ci kyautar Wynne ta zanen shimfiɗar ƙasa a 1999, ita ce 'yar asali ta farko da ta ci. Barbara Weir, wadda hukuma ta ƙwace daga danginta tana yarinya kamar dubban yara masu jinin Turawa, Emily na cikin waɗanda suka raine ta kafin a ɗauke ta, kuma da ta dawo ta sake koyon yaren ta zama mai zane ita ma. Mahaifiyar Barbara, Minnie Pwerle, ta kama burushi wajen 2000 tana tsohuwa tukuf. Can arewa kuma, a wani tsibiri, Sally Gabori ta fara a 2005 tana da shekara 80 da 'yan kai, aikinta ya kai har Faris. Ba koyi da salon Emily suka yi ba, kowacce ƙasarta ta zana. Abin da ta buɗe musu shi ne ƙofa: masu gidajen zane sun daina ɗaukar tsohuwar hamada a matsayin mai taya miji cike ɗigo.

Tunda zane kike karanta, ga shawarata ta aiki. Kada ki fara da Earth's Creation don kawai shi ya fi tsada. Nemi hotunan batik ɗinta na shekarun 1980 tukuna, ki ajiye su kusa da Emu Woman, za ki ga layi da ɗigon nan duk suna nan tun a kan siliki. Daga nan ki tsallaka zuwa Big Yam Dreaming, ki auna mita 8 a jikin bango ko a tsakar gida don ki san girman abin da kike kallo a waya, sannan ki zaɓi layi ɗaya ki bi shi da ido daga inda ya fara har inda fentin ya ƙare. Amma kada ki kwaikwayi zanen ki sa hannu a kai: a wurinsu waɗannan alamu mallakar gida ne, kuma kotunan Ostareliya sun sha hukunta kamfanonin da suka buga zanen 'yan asali a kan darduma da yadi ba da izini ba.